Yadda ake karrama uwar da ta ƙarar da rayuwarta tana taimakon jami'a da mutanen gari

Wannan rubutun na ƴan kwamiti ne, irin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ma'aikatan jami'a da ƙungiyoyin unguwa, waɗanda aka wayi gari kawai aka ce musu "ku shirya mana yadda za a karrama Hajiya" alhali ba wanda ya taɓa shirya irin wannan abu a cikinsu. Ni na taɓa zama sakataren irin wannan kwamitin, kuma wallahi mun tafka kurakuran da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, shi ya sa na ce bari in zuba muku abin da na koya ko wani ya tsira.

Hajiyar tamu ba zan faɗi sunanta ba, ita ma ba za ta so ba. Ƴar kasuwa ce, atamfa da leshi take sarowa, ba ta yi boko ba ko na yini ɗaya, amma shekara da shekaru duk lokacin rijista sai ta aika a kira mata wani malami da ta yarda da shi ta miƙa masa kuɗi a baƙar leda ta ce a duba mata yaran da ke shirin barin karatu saboda kuɗin makaranta. Ita ta haƙa rijiyar burtsatse a bayan ɗakin kwanan ɗalibai mata, da azumi kuma tukunyarta ba ta sauka daga murhu sai an ga watan sallah.

Abu na farko, kuma nan muka fara faɗuwa: ku tambaye ta tukuna. Kafin a buga kati, kafin a kama hol, kafin ma a buɗe guruf ɗin WhatsApp na karɓar gudummawa. Mu sai da muka gama tsara komai har da ranar taro sannan muka kwashi jiki muka je gidanta da murnarmu, muka durƙusa muka gaishe ta, shugabanmu ya fara zuba jawabi, ta bar shi har ya kai aya sannan ta dube ni da yake ni ne ƙarami ta ce "Ɗan nan, wa ya aike ku? Ni da na yi abina don Allah za ku kai ni kasuwa ku tallata ni?" Aka rasa mai cewa uffan. Kuma tana da gaskiya, domin ta san hadisin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarsa, cikinsu har da wanda ya yi sadaka ya ɓoye har hagunsa ba ta san abin da damarsa ta bayar ba. Don haka kar ku je da takarda, ku je da wanda take jin nauyinsa, ko limamin unguwarsu ko yayarta ko wata aminiyarta, a yi mata bayani a tsanake cewa aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yabi sadakar da aka bayyana duk da ta ce ɓoyewar ta fi alheri, kuma manufar ba yabon ba ce, so ake wasu masu hali su gani su yi koyi. In ta amince, ku tambaye ta iyakar abin da ta yarda a faɗa. Akwai wadda za ta yarda a ambaci sunanta amma ban da adadin kuɗi, akwai wadda za ta ce a sa sunan mahaifiyarta ko marigayi mijinta a maimakon nata. In kuma ta ƙi ƙememe to shikenan a bar kaza cikin gashinta, ku yi abin a asirce ku je ku gaya mata ita kaɗai, ai godiya ba sai da lasifika ba.

Bayan nan sai tattara tarihi, kuma wannan aikin ya fi taron kansa muhimmanci duk da ba wanda yake son yin sa. Ku ware mutum biyu masu haƙuri, ɗaya ya bi ofishin kuɗi na jami'a da ofishin kula da harkokin ɗalibai ya nemo rasiɗai da wasiƙun godiya, ɗayar kuma, gara ta zama mace, ta shiga gidaje ta zauna da kishiyoyi da maƙwabta da masu yi mata girkin sadaka ta naɗi muryarsu a waya da izininsu. Me ya sa na nace a kan wannan? Ku dubi Fatima al-Fihri, wadda ake cewa ita ta gina masallacin Al-Ƙarawiyyin a birnin Fas na Maroko a shekarar 859 da gadon da mahaifinta ya bar mata, wurin da ya zama cibiyar karatu har yau yake jami'a. Labarinta da kowa ke maimaitawa daga Ibn Abi Zar aka samo shi, wanda ya yi rubutu a ƙarni na 14, wato sama da shekara 400 bayan ginin, shi ya sa har yanzu masana tarihi ke ta ja-in-ja a kan wasu sassan labarin. Mace ta yi aikin da ya haura shekara dubu yana amfani amma ba a samu wanda ya zauna da ita ya rubuta daga bakinta ba. Kar ku bari a yi wa taku Hajiyar haka. Kuma don Allah abin da ba ku tabbatar ba kar ku sa a takarda, in ɗalibai 40 kuka iya tantancewa ku ce 40, kar wani mai zaƙin baki ya hau mumbari ya ce dubu, ita ta san ba haka ba ne kuma ranta zai ɓaci.

Yanzu ga babbar tambayar: da me za a karrama ta? Nan ne nake so in ɗan daɗe, saboda misalin da ya fi koya min darasi ba daga gidan attajirai ya fito ba, daga wata mai wankau ya fito a garin Hattiesburg da ke jihar Mississippi a Amurka.

Sunanta Oseola McCarty, baƙar fata ce, an haife ta a 1908. Tana aji shida ta bar makaranta don ta yi jinyar gwaggonta da ba ta da lafiya, kuma ba ta sake komawa aji ba. Daga nan ta kama wanki da guga na mutanen gari, ta yi ta yi har kusan shekara 75, sai da ciwon gaɓoɓi ya hana ta a 1994 sannan ta ajiye. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ba ta taɓa mallakar mota ba, duk inda za ta da ƙafa take zuwa, ɗan abin da ta samu kuma banki take kaiwa kaɗan-kaɗan. Da ma'aikatan bankin suka ga kuɗin sun taru ga shekaru sun ja, sai wani jami'insu ya zaunar da ita ya jera sulalla goma a kan tebur, kowane sule yana matsayin kashi ɗaya cikin goma na dukiyarta, ya ce ta raba yadda take so. Ta ware ɗaya ta ce na cocinta ne, uku na ƴan'uwanta su uku, sauran shida ta ce a kai Jami'ar Kudancin Mississippi da ke garin nasu a biya wa yara marasa hali karatu. Kason jami'ar ya kama dala 150,000, aka sanar a 1995. Ku tuna fa wannan jami'ar ba ta fara ɗaukar baƙaƙen fata ba sai 1965, lokacin ita tana da shekara hamsin da wani abu, wato a ƙuruciyarta ko da ta gama sakandare ba za a bar ta ta shiga ba.

To yaya aka karrama ta? An yi na gani-da-ido sosai: shugaban Amurka Bill Clinton ya ba ta lambar yabo ta ƴan ƙasa a 1995, jami'ar Harvard ta ba ta digirin girmamawa a 1996, a shekarar ta riƙe wutar gasar Olamfik, ita jami'ar da ta bai wa kuɗin ta ba ta nata digirin girmamawar a 1998 wanda shi ne irinsa na farko da jami'ar ta taɓa bayarwa, aka kuma sa wa wani ginin kwanan ɗalibai sunanta. An yi mata mafi yawan wannan tana raye tana gani, don sai a watan Satumba na 1999 ta rasu tana da shekara 91. Amma ni a ganina karramawar gaske ita ce wadda mutanen gari suka yi: da labari ya bazu sai ƴan kasuwar Hattiesburg da ɗaruruwan mutane daga wurare daban-daban suka yi ta zuba nasu a cikin asusun nata, har kuɗin suka ninka abin da ta bayar, kuma tun a 1995 ɗin aka fara bai wa ɗaliba ta farko tallafin, ba a jira ta mutu ba. Kun ga abin da take so shi aka ƙara mata. Ba ta roƙi kowa lambar yabo ba, yara take so su yi karatun da ita ba ta samu ba, sai aka ƙara yawan yaran.

Saboda haka dabarar ita ce ku dubi inda hannunta ya fi zuwa ku bi nan. In kuɗin rijista take biya, ku kafa asusun tallafin karatu da sunanta. In ruwa take bayarwa, ku gyara rijiyoyinta ku sa musu sola ku ƙara wata. In marasa lafiya take bi, ku nufi asibitin koyarwa ku ɗauki nauyin wani ɗaki ko asusun magani na masu haihuwa. Allon gilashi mai rubutun zinare ba laifi ba ne amma a bayan kabad yake ƙarewa. Wani abin kuma, ba duk abin da aka yi a Amurka ne zai karɓe mu ba, can har mutum-mutuminta suka kafa a harabar jami'ar, mu kuwa in kuka kawo wannan shawarar a gidan Hajiya ƙila ko ruwa ba za a ba ku ba.

In kun tsaya a kan asusu, to tun ran gini ran zane, komai a rubuce. Su wa za su riƙe amanar? Kar su gaza uku kar su wuce bakwai, a sa wakilin jami'a da wakilin iyalinta da wani daga gari wanda ba ya cin albashin kowa a cikinsu, kuma lallai a samu mace. A Najeriya kuna iya yi wa amintattun rijista a hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rijista, don asusun ya zama yana da sunansa na kansa a banki, ba a asusun wani ɗan kwamiti ba komai kirkinsa, mutum yakan mutu magada su ce ba su san zance ba. Cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. A rubuta wa zai samu tallafin, mata ne zalla ko har maza, marayu ne ko duk mai ƙaramin ƙarfi, ƴan wane sashe, wa zai tantance, sannan a rubuta ƙarara cewa ɗan ɗan kwamiti ba ya ciki. Uwar kuɗin kuma ba a taɓa ta, ribar ake ci. Sai dai da yadda naira ke zubewa, in kuka jibge kuɗi a banki kawai nan da ƴan shekaru ribar ba za ta biya wa yaro ɗaya ba, shi ya sa tsarin waƙafi na kakanninmu ya fi dacewa da mu, a sayi shago ko gidan haya kusa da jami'a, kuɗin haya na tashi tare da tsadar rayuwa, a cire na gyara sauran a biya wa yara. A Kano akwai hukumar zakka da hubusi, Sakkwato ma akwai ta zakka da waƙafi, ku je ku nemi shawararsu kan yadda ake rubuta takardar.

Akwai wani wuri mai santsi da ya kamata ku sani in ita ma Hajiyar ta ce za ta sa nata a ciki. Oseola ta ba da kashi shida cikin goma kuma dokar ƙasarsu ba ta hana ta ba. Musulma kuwa in ta bar shi a matsayin wasiyya, wato sai bayan ranta, ba zai wuce sulusin dukiyarta ba sai da yardar magada, kamar yadda Annabi (SAW) ya gaya wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas cewa sulusi, sulusin ma da yawa. In tana son fiye da haka sai ta bayar tun tana da rai da lafiya, kyauta ko waƙafi, a fitar da abin daga hannunta a gaban shaidu, da malami da lauya a zaune, kuma ƴaƴanta su sani. Kar ku kuskura ku zama kwamitin da za a ce sun zagaya sun yi wa tsohuwa daɗin baki sun kwashe gadon marayu. Ku kuma lura da ita kanta, irin waɗannan matan sukan manta da kansu. Ita Oseola sai da ma'aikatan banki suka lallashe ta sannan ta yarda ta sayi ƴan ƙananan na'urorin sanyaya ɗaki, kuma yarjejeniyar da ta sa wa hannu ta tanadi a riƙa ba ta kuɗin kashewa a kai a kai har ƙarshen rayuwarta.

Ɓangaren jami'a kuwa haƙuri yake so. Sa wa gini suna ko ba da digirin girmamawa ba abu ne da shugaban sashe ko wani lakcara abokinku zai yi muku alkawari a bakin masallaci ba, sai an rubuta wa shugaban jami'a, ya bi ta kwamitoci da majalisar malamai har majalisar gudanarwa, digirin kuma a bikin yaye ɗalibai ake bayarwa. Ku kai takardarku da wuri tare da tarihin nan da kuka tattara, kar ku buga komai a kati sai amincewa ta fito a rubuce. Kuma ku kai rubutun sunanta gidanta a karanta mata kafin mai zane ya taɓa fenti. Mu sai da aka yaye ƙyalle a gaban jama'a sannan muka ga an rubuta sunan mahaifinta ba daidai ba, harafi ɗaya ne tak amma ya mayar da shi sunan wani mutum daban.

Sai ranar taro. Ƙa'idar da zan ba ku, wadda mu ba mu bi ba: abin da za a kashe a biki kar ya kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka tara. Mu da anko da kanofi da abinci da mai hoto da jakunkunan rabo, da muka zauna lissafi daga baya sai muka ga abin da biki ya ci ya fi abin da ya shiga asusun yara, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ita kuma baiwar Allah tun ƙarfe goma na safe aka zaunar da ita a kan kujerar roba, ga ciwon ƙafa, ana jiran wani babban baƙo da bai iso ba sai bayan azahar, da ya zo kuma maroƙa suka koma kansa, jawabinsa rabi duk na ayyukansa ne, ya yi alkawarin gudummawa mai tsoka aka yi ta tafi, har yau ba mu ga ko sisi ba.

Don haka ku tsara taron a kan jikinta ba a kan jadawalin manya ba. Awa biyu ya isa, a fara kan lokaci ko wa bai zo ba, a gama kafin sallah. A tanadi kujera mai laushi da inuwa da banɗaki kusa, a bar ƙawayenta da ƴan'uwanta mata su zauna kewaye da ita a sahun gaba, kar a tura su can baya a cika gabanta da manyan riguna. A yi magana da harshen da take ji, in dole sai an yi Turanci saboda baƙi to a fassara, ba daidai ba ne a yi awa guda ana yabon mutum bai san me ake cewa ba. Masu jawabi kar su wuce huɗu, kuma mafi daɗin ji shi ne wanda ya ci moriyarta ya zama wani abu, likita ko malamar makaranta da za ta tashi ta ce "Mama, ni ce wadda kika biya wa a aji biyu." Amma wanda ya yarda da kansa kaɗai za a tsayar. Ɗaliban da ke karɓar tallafi yanzu kar a jera su a gaban kyamara ana kiran sunansu ana cewa marayu ne ba su da ko na abinci, ita da ta yi shekaru tana ba su a ɓoye don ta rufa musu asiri, ku kuma ku zo ku tona a yini ɗaya. Gudummawa kuma a karɓa a wurin, taransifa ko ceki, alkawarin baki a rubuta shi a gefe kar a haɗa shi cikin jimlar da za a sanar. In ba ta son yin magana kar a tilasta mata makirfo, jikarta ko ƙaninta ya yi godiya a madadinta, a rufe da addu'a.

In kuma kun makara har Allah ya yi mata rasuwa, duk abin da na faɗa yana nan, sai dai iyalinta ne za su tsaya a matsayinta, a bari zafin rashin ya lafa kuma a gama rabon gado kafin ku tunkare su da maganar kuɗi ko fili.

Abin da ya rage shi ne bayan an naɗe tabarmi, wanda nan ne yawancin kwamitoci ke mutuwa, guruf ɗin ya yi tsit sai tallan kaya da saƙon barka da Juma'a. Ku sa rana ɗaya a shekara, gara kafin a buɗe rijista, amintattu su zauna su fitar da lissafi a shafi guda: nawa ya shigo, nawa ya fita, yara nawa aka biya wa, nawa suka gama. A tura wa duk wanda ya ba da ko naira ɗari, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Sannan mutum biyu ko uku su ɗauki takardar su je gidanta su karanta mata da Hausa. Mu sai a shekara ta biyu muka fara yin haka, bayan mun sha kunya mun gyara allon sunan mun kuma sake bin mutane gida-gida. Na karanta mata sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya da abin da kowa ke karanta, tana jan carbi tana cewa Allah ya yi albarka, da na kai ƙarshe sai ta ce "Ɗan nan, ita yarinyar nan mai karatun unguwarzoma da ka ce saura mata shekara ɗaya, an biya mata har da na ɗakin kwana kuwa?" Na duba takarda na ce a'a Hajiya, rijista kawai. Ta ɗaga gefen katifa ta jawo baƙar leda.